Ranar da Kika Share Ɗigona

Zalika,

Idan a cikin mota kika buɗe takardar nan, ninke ta ki mayar. Ba abin karantawa da ido ɗaya a kan waya ba ne. Ki bari sai kin sauka Damagaram, kin ajiye kaya, kin yi salla, sannan ki zauna ki karanta daga farko har ƙarshe. Kada ki tsallake ko layi ɗaya, domin abin da ke ƙarshenta aiki ne, kuma zan ji ko an yi shi ko ba a yi ba.

Bayan haka, assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina fata kin sauka lafiya, babu gajiya mai yawa. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da abokan banza, ya sa karatun jami'ar nan ya amfane ki ya amfani wasu. Amin.

Ba labarin gida zan ba ki ba, kin san kowace kaza da ke cikinsa. Wata magana ce kika yi jiya kina ɗaure kaya, ita ta sa na ɗauki alƙalami. Kika ce, ba ki ko ɗago kai ba: "Inna, in Yaya ya kira daga Kano, ki gaida mini shi." Na ce to. Amma har na gama tuwo maganar tana yi mini yawo a ka, kuma na janye wannan to ɗin. Ga dalilina.

Kin tuna lokacin zafin nan, kafin ki zauna bak, jarrabawar gama sakandare, wata la'asar a gindin dogon yaro? Ina tsinkar zogale, ke kuma kina kwance a tabarma da kayenki, littafin rubutunki na lise, babbar sakandare. Na leƙa na ga babu lamba ko ɗaya a shafin, ɗigo-ɗigo ne kawai da layuka a tsakaninsu.

Na ce, "Wannan kuma wane irin lissafi ne? Kitso ake koya muku, ko saƙar gizo?"

Kika yi dariya har kaye ya faɗo miki a fuska. "Inna, graf ne. Mushe, malaminmu na lissafi, ya ce kowane ɗigo ki ɗauke shi gari, ko gida, ko mutum. Layi kuma hanya ce tsakanin biyu. Tambayar ɗaya ce: in kika tashi daga kowane ɗigo, za ki iya kaiwa kowane ɗigo kina bin layi? In za ki iya, sai a ce koneks ne, wato a haɗe yake. In akwai ko guda ɗaya da ba a kai masa, to a rabe yake."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan farkonsa. Irin rezo ɗin waya ne, Inna, sabis ɗin nan da kike zagi kullum."

Ni a kwalej, ƙaramar sakandare, na tsaya, kuma a zamaninmu lissafin zane da ma'auni ake yinsa. A auna tsawo, a auna kusurwa, wanda zanensa ya fi tsabta shi ake yabo. To da wannan idon na dubi shafinki, na yi kuskurena na farko. Na nuna ɗigo biyu da suka kusa taɓa juna, na ce waɗannan ai a haɗe suke. Kika ce, "A'a, Inna, nan ba a awo. Ko ɗaya yana Matameye ɗaya yana Makka, in akwai layi, a haɗe suke. Ko bango ɗaya ya raba su, in babu layi, babu." Na sake nuna inda layi biyu suka gitta juna, na ce to nan fa, ai sun gamu. Kika ce, "Wucewa suka yi. In ba a sa ɗigo a wurin ba, ba su gamu ba."

Hannuna ya tsaya a cikin zogalen. Na tuna Hajiya Tabawa, da muka yi shekaru katangarmu ɗaya kafin su tashi. Ina jin dakanta, tana jin tarina, na san ranar da take toya ƙosai daga ƙamshi. Na ɗauka wannan shi ne maƙwabtaka. Ranar da suka ɗora kaya a amalanke na tsaya a ƙofa ina mamakin yadda ban san ko sunan ƙauyen iyayenta ba. Kusa muke, layi ne babu.

Saboda haka ki ji. Za a sa ki ɗaki ɗaya da 'yan mata daga garuruwan da ba ki taɓa zuwa ba. Kwana a ɗaki ɗaya ba ya haɗa mutane, gittawa a bakin famfo ma haka. Ki san sunan kowace da garinsu, ki san wadda ba ta ci abinci ba, ki ɗeba mata a naki ba tare da surutu ba. Layi jansa ake yi da hannu, ba ya tsirowa don an zauna kusa.

Daga nan abin ya shiga raina, na karya tsinken tsintsiya na ce bari mu zana gidanmu a ƙasa mu gani. Na ɗiga kaina a tsakiya, don a nan na saba ganin kaina. Na ɗiga babanki. Na ɗiga babban yayanki can gefe, wajen kudu, tunda tun yana tafiya cin rani Kano ya dawo har ya zama sai da salla muke ganinsa. Na ɗiga Habsu, yayarki, a gidan aurenta na Icirnawa. Na ɗiga ki. Na ƙara da goggonninki na Yauri. Kika ce a ja layi tsakanin duk mutum biyu da ke magana kai tsaye, ba ta bakin wani ba.

Na ja, na ja, ina jin daɗi. Daga kaina zuwa Kano, daga kaina zuwa Icirnawa, daga kaina zuwa Yauri. Hasken la'asar yana faɗowa ta cikin ganye a kan zanen, sai na ga kamar rana ce na zana da haskenta. Na ɗago ido na ga kamar layukan sun zama zarurruka sun tashi daga ƙasa, sun haye katanga, sun bi ta saman gawon da ke gonakin bayan gari, farare, sirara, iska na kaɗa su, kowane ya nufi wani gida, kuma duk ƙarshensu yana ɗaure a yatsuna. Wallahi na ji girma.

"To malama," na ce, "koneks ne ko ba koneks ba?"

"A haɗe yake, Inna. Amma ina layin Baba da Yaya?"

"Ai in ya kira ni ina miƙa wa babanku wayar."

"To wannan ta kanki ya bi. Ni da Baba fa?"

"Gida ɗaya kuke!"

"Inna, jiya ina zaune kusa da shi ya ce miki, 'Ce mata ta kawo buta.'"

Na yi dariya, don gaskiya ne. Sai kika miƙa yatsa kika share ɗigon tsakiya, da duk layukan da suka taɓa shi. Kika ce, "Mushe ya ce haka ake gwada ƙarfin rezo. A cire ɗigo ɗaya a ga abin da ya rage."

Abin da ya rage ɗigo ne warwatse a ƙasa, kamar gero da kaza ta barbaza. Goggonninki biyu ne kaɗai ke riƙe da juna.

Kin san abin da na yi. Na ce, "Ke, don Allah tashi ki ba ni wuri! Mutuwa kike mini fata da rana tsaka? Abin da ake koya muku ke nan a lise, share uwaye?" Na sa ƙafa na goge sauran, na koma kan zogalena. Wannan shi ne kuskurena na biyu, kuma ya fi na farko: an nuna mini abu a fili, na mayar da shi rashin kunyar yarinya don kada in dube shi. In malaminki ko ƙawarki ko ƙaramin yaro ya nuna miki abin da ya ƙona miki rai, ki fara tambayar kanki ko gaskiya ne. Faɗa yana iya jira.

Da ma ya kamata in gane zanen nan tun kafin a haife ki, domin na taɓa zama a cikinsa. Kakarki, mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, a Yauri ita ce tsakiyar kowa. Da azumi kwanoni ke fita daga ɗakinta tun la'asar, jere a kan yara, wannan gidan kawu, wannan gidan goggo, su dawo da wani abu a ciki. Har yanzu in na lumshe ido ina ganin murafun suna walƙiya a lungu, kamar ana ɗinke unguwar da allura. Tana da ƙane a Ɗan Barto, Kawu Idi, mai iyali da yawa. Duk abin da muka sani game da su daga bakinta muka ji, su ma haka. Kin ce a darasinku irin wannan layin gada ake ce masa: layi ɗaya tak da ke riƙe da ɓangare biyu, in ya tsinke kowa ya koma tsibirinsa. Babu wanda ya yi faɗa da wani. Ta rasu, aka yi zaman makoki, aka ce sai an zo, shi ke nan.

Bayan shekaru na shiga motar kasuwa, wata mata ta zauna mini a kan gyale. Na ce ta ɗaga, ta ce in ja kayana, na ce ba a koya mata zama ba, ta ce ni ba a koya mini magana ba. Muka yi ta yi har direba ya ce, "Haba bayin Allah, ku bar mini kunnena in ji mota." Da ta zo sauka sai wani dattijo ya ce mata, "A gaida mutan gidan Malam Idi." Na duba ta ta taga, na ga goshin kakarki sak, da irin tafiyarta. Mota ta tashi. 'Yar kawuna ce na zaga a kan gyale.

Na ba da labarin nan sau da yawa ana dariya. Ban taɓa lura ba cewa abin da kakarki ta gina shi nake ginawa, da waya maimakon kwano. Ina son a ce sai Inna. Ina son in Habsu tana da magana da yayanta ta faɗa mini, in tace ta, in sa mata gishiri daidai, in isar. Na ɗauka ina hana faɗa ne. Ashe ina hana ku sanin muryar juna.

Sai damina ta zo, kin gama bak kina jiran sakamako. Ranar nan na tafi lambu da zazzaɓi a jikina, na ƙi faɗa wa kowa. Na sunkuya bakin rijiya zan ja guga, duniya ta juya, wayar ta sulale daga ƙirjina. Na ji ƙarar faɗawarta a ruwa, daga nan ban san komai ba sai a gidan likita.

Kwanakin nan ba na iya rarrabe su. Ina ganin silin yana nisa yana dawowa. Abin da ya yi ta zuwar mini, ido biyu ko a barci ban sani ba, shi ne ƙasan rijiyar. Ruwan kore ne mai sanyi, haske na saukowa daga sama kamar igiya. Ga danginmu duka zaune a ƙasa, kowa da tufafin salla, yayanki da Habsu da goggonninki, har da matar nan ta mota. Kowa yana riƙe da bakin zarensa, ɗaya bakin yana lilo a ruwa ba a ɗaure da komai ba. Suna kusa har gwiwoyinsu na taɓa juna, amma kowa sama yake kallo, yana jira in leƙo. Ina so in ce musu ku juya ku dubi na kusa da ku mana, bakina ya ƙi buɗuwa.

Abin da ya faru a waje ke kika fi ni sani. Babanki ba shi da lambar ɗansa. Ke ba ki da ita. Habsu sai ɗan acaba aka aika ya faɗa mata, ita ma ba ta da ita. Yayanki yana ta kiran wayar da ke ƙasan rijiya, yana cewa matsalar rezo ce, har wani direban garinmu ya gamu da shi a tasha ya ce masa, "Ya jikin tsohuwa? An ce ta fara gane mutane." Haka ɗan fari ya ji ciwon uwarsa, a bakin tasha, daga bakin wanda ba dangi ba.

Da ya iso, na ji abin da ya ce muku a ƙofar ɗakin, kuna tsammanin barci nake. "Ni bare ne ko? Da ta mutu sai ku binne ta ku aiko mini da goro?" Na ji kin ce, "Yaya, to wa ya hana ka ba mu lambarka?" Ya ce, "Wa ya taɓa tambaya?" Kika fita kina kuka. Tun daga ranar, gaisuwa ce kawai tsakaninku, ita ma da ƙyar, har ya koma Kano. Shi yana ganin kun ɓoye masa, ke kina ganin ya zage ki a kan abin da ba ki yi ba. Ku duka biyu kuna jira in gyara, kamar yadda na saba.

Ba zan gyara ba. In na gyara, ta kaina aka sake bi.

Da na samu sauƙi na ɗauko kayenki na lise na sake duba darasin, a hankali, ina haɗa faransancin da ya rage mini. Na ga wani zane da ake kira itace: kowane ɗigo a haɗe yake, amma babu layi ko ɗaya na ragi, hanya ɗaya ce tak daga kowa zuwa kowa. Kyakkyawa ne, babu ɓarna a cikinsa, irin abin da mace mai tsimi kamata take so. Amma a cikinsa kowane layi gada ne, duk wanda aka yanke sai abin ya rabe. A shafi na gaba sai ga maganinsa: a ƙara layi har hanya ta zagayo ta dawo inda ta tashi. In akwai zagaye, ko an yanke nan sai a bi ta can. Layin da nake gani ɓata lokaci ne, Habsu ta kira yayanta alhali na riga na faɗa masa, ke ki kira goggonki alhali jiya na je, ashe shi ne ke riƙe da gida ranar da tsakiya ta faɗi.

Ki riƙe wannan a karatunki ma. Kada fahimtarki ta rataya a kan malami ɗaya ko ƙawa ɗaya mai ba ki kaye ki kwafa. Duk abin da kika koya ki nemo masa hanya ta biyu: ki karanta shi, ki kuma bayyana wa wata da bakinki, yadda kika bayyana mini a gindin dogon yaro. Abin da hanya ɗaya ce ke kai ki gare shi, ranar jarrabawa za ki tarar an yanke ta.

Ni yanzu na warke, alhamdu lillahi, kuma ban ce gobe zan tafi ba, kada ki jiƙa mini takarda da hawaye. Amma ɗigon nan da kika share da yatsa za a share shi wata rana, ba da yatsa ba. Ina so ranar in an duba abin da ya rage a tarar da shi a haɗe. Wani lokaci da hantsi, in na idar da aiki, nakan zauna in sake ganin zarurrukan nan a saman gawo. Yanzu nakan ga wani ya tashi daga Damagaram ya nufi Kano bai biyo ta kan gidanmu ba, wani daga Icirnawa zuwa Yauri, wani har Ɗan Barto. Ina zaune a ƙasa hannuna wofi, ina kallonsu suna wucewa ta samana. Da na ɗauka zan ji haushi. Sauƙi nake ji, kamar wadda aka sauke wa tulu.

Na riga na fara. Ranar kasuwar da ta wuce na shiga mota na je gidan Kawu Idi, na nemi matar nan. Sunanta Rabi. Ta dube ni ta ce, "Au, mai gyale!" Muka yi dariya har muka yi kuka. Da salla za ta zo, kuma na ce ta biya ta Icirnawa ta kwana wurin Habsu tukuna. Babanki ma ya ji nasa. Shekaranjiya ya ce, "Ce wa yarinyar nan ta yi hankali da motocin birni." Na ce, "Malam, ga ta can a ɗaki, kunnuwanta biyu." Kin ga ya zo da kansa, yana ta gyaran murya kamar mai neman aure. Abin da ya kawo shi ke nan.

Allah ya kiyaye ki dare da rana, ya tsare mutuncinki da imaninki, ya buɗe miki ƙirji, ya dawo mana da ke lafiya. Allah ya haɗa kanku ina raye da bayan raina. Amin.

Na san kina jiran layin da ake rufe kowace wasiƙa da shi, cewa kowa da kowa yana gaishe ki. Babu shi. Wanda ke gaishe ki zai kira ki da bakinsa.

Ga dokar gidan nan daga yau: na daina ɗaukar gaisuwa. Duk wanda ya ce mini "ki gaida mini wane," ɗa ne ko miji ko goggo, zan ce masa ban ji ba. Lambar yayanki tana cikin sabuwar wayata, kuma ba zan ba ki ba. Habsu ta karɓa kafin ya koma. Ki kira Habsu, tunda yanzu kina da lambarta, ki karɓa a wurinta, ki kira shi, ki gaishe shi kamar yadda ƙanwa ke gaida yayanta, ko ya amsa da sanyi ko da zafi. Kada ki kira ni ki ce kin sauka lafiya. Daga bakinsa nake so in ji.

Innarki,
Matameye